Wandon Ruwa na Tafiyar Andarai

Jega Magaji, Asabar

Zuwa ga Yaya Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Raihanatu da yara. Ya kasuwa, ya damina? Allah ya sa albasa ba ta ruɓe ba. Na gama gaisuwa, yanzu ka saurare ni.

Da wayata tana hannuna da tun jiya ka ji ni, amma ka ƙwace ta, wai karatun littattafan soyayya yana cinye mini ido. To ga takarda, Baba Ɗanasabe direba zai miƙa maka. Ka san a gabanka bakina ba ya buɗuwa. Jiya da ka zo cin kasuwa, ka zauna kan tabarmar Inna kana shan fura, ka ce, "Hamdiyya ba ta zuwa ko'ina," na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi kamar na yarda. Ban yarda ba. Ko kaɗan ban yarda ba.

Ka ce wa Inna yawon banza ne. Ba yawon banza ba ne. Anti Sakina ce za ta fita da 'yan matan makarantarsu, a ƙafa, daga Maiyama zuwa ƙauyukan Andarai, kowace da jakar goyo da dashen mangwaro da dogon yaro. A dasa, a kwana a makarantar ƙauye, a dawo. Ƙanwar Inna ce fa, ba wata baƙuwa ba, kuma ita da kanta ta sa sunana cikin masu tafiya.

Na san ina da sikila, ba sai an tuna mini kowace safiya ba. A ƙashina ciwon yake, ba a naka ba. Likita ya ce zan iya zuwa in dai zan sha ruwa sosai, in huta idan na gaji, kuma kada ruwan sama ya jiƙa ni. Rigar ruwa ina da ita. Ƙafafu suka rage.

Shekarata goma sha shida, damina ta taga nake ganinta. Hadari na haɗuwa a ce, "Hamdiyya, ɗaki." A littattafan da kake zagi, yarinya takan tsaya cikin ruwa tana kuka har wani ya zo da lema. Ni ba na son kowa ya zo. So nake in ga inda hanya take zuwa idan ta wuce tasha, in dasa abu da hannuna, in ce ni na kai shi can.

Da Inna ta ce ka sassauta, dariya ka yi ka ce, "In ta samo wandon da ruwa ba ya shiga, ta tahi." Ka faɗa ne don kana ganin babu shi a Jega. Inna ta ji, Baba Ɗanasabe da ke zaure ma ya ji. Na riƙe ka da wannan maganar.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Hamdiyya

*

Aliero, Litinin

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Ki gaishe da Inna.

Takardarki ta iso, na karanta bakin rumfa. Ashe kina da baki. Ni da nike zaton kurma muka aje gida.

Bari in tambaye ki. Bara da ruwa yad dake ki kan hanyar islamiyya, wa yaɗ ɗauke ki a baya har bakin titi? Ba wani saurayin littafi mai lema ba na. Ni na. Kina ihu kina cewa a yanke miki ƙafa ki huta. Ke kin mance, ni ban mance ba. Can Andarai in abin ya tashi, wa za ya goya ki? Mangwaro?

Tun rasuwar Baba ni ka kwana da tunaninku, kuma ban taɓa jin an gode ba. Ba komai.

Amma abin da nic ce, na ce, ba ni lashe magana. Ga yadda za a yi. Ranar Juma'a ki aje min wandon. Zan ɗaure ƙafafunshi, in cika shi da ruwa kamar salka, in rataye kan igiyar shanya gaban Inna. In ya ɗiga ko ɗigo guda, magana ta mutu, kuma kada in sake jin sunan Andarai cikin gidanmu. In bai ɗiga ba, ki tahi.

Wayarki kuwa ba ta shigo cikin wagga magana ba.

Yayanki,
Murtala

*

Maiyama, Litinin

'Yata Hamdiyya,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ki, ina gaishe da Innarki, Yaya Kyauta, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Ɗanasabe ya kawo mini labari tun kafin ya kashe mota, ya ce kin tura wa Murtala takarda har shafi biyu, ga kuma maganar wando. Ke? Ke da ake aika ki sayen magi ki dawo hannu biyu don kin kasa ce wa mai shago sannu? Na yi dariya har ɗalibai suka leƙo.

To ki natsu ki ji, don zaɓen wandon nan ba zaɓen atamfa ba ne.

Kada ki bari a ɗora miki irin na 'yan kabu-kabu, baƙar robar nan mai kauri. Ruwa ba ya shiga, gaskiya ne, amma su a zaune suke kan mashin. Ke tafiya za ki yi. Kafin ki fita gari zufa ta jiƙa ki daga ciki, iska ta buso, sanyin da muke gudu ya kama ki. Ga nauyi kamar ɗanyar fata, jakarki kuma ba ta da wurin sa shi. Na leda mai sheƙi shi ma ki bar musu, ƙayar farko za ta raba shi biyu.

Ki je layin 'yan gwanjo, bayan masu takalma, ki tambayi rumfar Sahabi. Wanda kike nema marar nauyi ne, za ki iya dunƙule shi a tafin hannu. Ki juya cikinsa ki duba ɗinkin. Idan kin ga wani siririn tef a manne bisa kowane ɗinki, shi ne. Idan zare ne tsirara, ki ajiye, ta ramin allura ruwa yake bi. Ki ɗaga shi saitin rana ki nemi huji, musamman gwiwa da mazauni. Ki ɗauki wanda ya ɗan fi ki girma, don a kan wandonki za ki ɗora, hijabi ya sauko a kai. In da zif a ƙasan ƙafa ya fi, don hadari ba ya jiran mutum ya cire takalmi.

Launi kuwa, na san ki. Ko da kin ga mai ruwan hoda da ya dace da wata jaruma, ki kawar da kai. Ko kalar toka ne, in yana riƙe ruwa, shi ne mai kyau. Kuma ki gwada a gabansa, kada kunya ta hana ki.

Ina jiran ki. Na riga na ware miki dashe biyu marasa nauyi.

Taki,
Anti Sakina

*

Jega Magaji, Asabar

Anti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin haushi nake yin sa.

Na samo shi, Anti. Ranar Talata na je ni kaɗai. Na wuce rumfar Sahabi na dawo, na sake wucewa, har ya ce, "'Yan mata, in ba saye za ki yi ba ki bar auna min ƙofar rumfa." Na tsaya. Ya jawo baƙar robar nan ya ce, "Ga na maza, har jikokinki sai sun sa." Na ce ba shi ba. Ya ɗauko mai ruwan hoda, wallahi har da ɗan fure a aljihu, na yi wuf na karɓa. Na juya cikinsa, zare tsirara. Na ajiye. Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyar wa ce? Kwastan anka turo min?" Sai can ƙasan dila na zaƙulo wani shuɗi mai duhu, mummuna, duk ya yamutse, amma kamar babu komai a hannu. Tef a kowane ɗinki, zif a ƙafa. Na ɗaga shi a rana, babu huji. Na sayi ruwan leda, na ɗaure ƙafar da igiyar buhu na zuba, mutane suna kallo, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ɗiga ba. Sahabi ya ce, "To malama, sai ki biya ni kuɗin kallo."

Na dawo gida kamar ina tafiya a iska. Inna ta karɓa ta shinshina ta yamutsa fuska. Ta ce, "Wanga warin gwanjo za ki shiga mutane da shi? A ce ɗiyar Kyauta ta zo da tsumma kamar an tauna?" Na ce haka yake, Inna. Ta ce to.

Laraba ina islamiyya ta wanke shi da omo, ta murje shi sosai. Ta hura gawayi a dutsen guga, ta ɗora ɗankwali a kai ta goge shi ciki da waje. Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauko turaren wutarta mai kyau, wanda take ɓoyo sai biki, ta zuba a kasko, ta kifa kwando, ta shimfiɗa wandon a kai ya sha hayaƙi, yadda take yi wa kayan amare. Na dawo na same shi a ninke kan filona yana ƙamshi. Na juya cikin. Tef ɗin duk ya ɗago ya nannaɗe kamar ɓawon albasa. A gwiwar hagu tartsatsi ya yi ƙananan huji.

Inna tana tsaye a ƙofa tana murmushi. Ta ce, "Kin gani? Yanzu ya zama kayan mutane." Me zan ce mata, Anti? Na ce na gode. Na gode na ce! Na shiga bayi na ciji hijabina.

Jiya Yaya ya zo. Ya ɗaure ƙafafun, ya zuba ruwa, bai ma kai ga ratayewa ba wandon ya fara tsiyaya ta ko'ina kamar rariya. Inna ta ce, "A'a, ashe ruɓaɓɓe sunka sayar miki?" Shi kuma ya juya cikin, ya shinshina, ya dubi kaskon da ke gindin murhu. Ya gane, na ga ya gane. Bai ce a sake ba ni dama ba. Ya yarfe hannu ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi." Yana zaton ban ji ba. Wannan kalmar ta fi tsiyayar yi mini ciwo.

Da ya fita na koma wurin Sahabi, ya ce guda ɗaya ne ya fito a dilar, sai bayan damina.

Anti, ki taimake ni. Ranar tafiya zan ce wa Inna za ni gidan ƙawata, in bi Baba Ɗanasabe. Zan ɗaura leda a ƙafafu. Ba lallai ma a yi ruwa ba. Ke dai ki ce to.

'Yarki,
Hamdiyya

*

Maiyama, Lahadi

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na ji haushi, na kuma yi dariya, Allah ya yafe mini. Yaya Kyauta ke nan. Ranar da zan tafi kwaleji sai da ta turara mini har takalmin roba.

Amma amsata a'a ce. In kin zo a ɓoye, a motar da ta kawo ki zan mayar da ke, kuma ni zan zauna kusa da ke. Ba za a yi ruwa ba, a watan Agusta? Jiya kaɗai sai da muka kwashe littattafai daga aji. Inda za mu je akwai wurin da mashin ba ya shiga in ƙasa ta jiƙa. Ba zan tsaya a kanki cikin gonar gero kina murƙususu ina kallon leda a ƙafarki ba.

Murtala ya yi rashin kirki da ya yi hamdala a gabanki, zan gaya masa. Amma sharaɗinsa nawa ne ni ma. Wando mai riƙe ruwa, da yardar gida. In babu, akwai baɗi.

Ki yi fushi da ni yadda kike so. Ki gaishe da Yaya Kyauta.

Anti Sakina

*

Jega Magaji, Laraba

Yaya Murtala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa.

Na ji abin da ka ce ranar Juma'a. Ka gode wa Allah da abin da na sha kunyar duniya na samo ya lalace. Ka san ba zaɓina ne ya yi kuskure ba, ka ga kaskon, ka yi shiru ka ɗauki nasararka ka hau mota. Anti Sakina ita ma ta ce akwai baɗi. Kowa yana da baɗi a bakinsa. Ku da ba ku taɓa kwanciya kuna jin ma'aikaciyar asibiti tana rage murya idan za ta yi wa Inna magana ba, ku ne masu rabon baɗi.

Kullum cewa kake kai ka goya ni. Na gode. Amma ka goya ni ne don in warke in taka ƙasa, ko don ka riƙa tuna mini? Idan kana ganin ajiye ni a ɗaki shi ne kulawa, to albasarka ma haka kake yi mata, kuma ita ma ruɓewa take.

Cikin ƙullin nan da Baba Ɗanasabe zai ba ka, wandon ne. Na ɓare tsohon tef ɗin gaba ɗaya. Na je wurin mai gyaran takalmi na bakin masallaci na sayo gam. Ina zaune ina tunanin abin da zan manna, sai Inna ta shigo. Ban gaya mata komai ba, amma Anti ta kira ta a wayar maƙwabta, na ji tana cewa, "To ni ina na sani? Ni gyara nay yi." Ba ta ba ni haƙuri ba, ka san Inna. Lemarta ta ajiye a gabana, wadda ta zo da ita daga aikin Hajji, da almakashi a kai. Ta ce, "Ƙarfenta ya karye tun bara." Ƙarfen lafiyarsa lau, Yaya.

Muka yanka yadin lemar siri-siri. Ita tana riƙewa, ni ina shafa gam ina mannawa bisa kowane ɗinki, muna dannewa da gindin kwalba. Gwiwar hagu faci biyu na yi mata, ciki da waje. Yatsuna har yanzu manne suke, da ƙyar nake riƙe biro. Ya ƙara muni, ya ɗan ƙara nauyi, yana warin shagon takalmi. Da ya bushe Inna ta shinshina ta ce, "Bari in ɗan sa mai hayaƙi kaɗan daga nesa." Na ce, "Inna, kada ki taɓa!" Da ƙarfi na faɗa, har kaji suka watse. Ta dube ni, na dube ta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Sai ta ce, "To, uwata."

Na gwada a gida, amma ba zan gaya maka abin da na gani ba, don za ka ce ƙarya nake. Ka ce Juma'a, Juma'a ta wuce, na sani. In kana so ka fake da wannan, ka fake, babu mai kama ka. Ga shi nan a hannunka, babu Inna, babu shaida, babu ni. Kana iya soka masa allura ka ce ya ɗiga. Ban so in ga fuskarka lokacin da kake zubawa, shi ya sa na aiko.

Asabar za su tashi. Jakata a haɗe take, da maganina, da gorar ruwa.

Ƙanwarka duk da haka,
Hamdiyya

*

Aliero, Alhamis

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam.

Na cika shi tun da hantsi, na rataye cikin rumfa. Abokan kasuwa sun yi ta dariya, wai na koma sayar da ruwa. Har anka yi la'asar ƙasa busasshiya. Na ƙara ruwa. Na matsa gwiwar hagu da hannu biyu, da ƙarfina duka. Na so ya ɗiga, ba ni ɓoye miki. Bai ɗiga ba.

Gobe in na zo kasuwa zan kwana gida. Asabar bayan sallar asuba ni za ni kai ki Maiyama, in danƙa ki hannun Anti Sakina da kaina. Da kin ga hadari ki sa shi, kada ki jira ɗigon farko.

Kuma kada ki yi min magana a hanya, ban huce ba.

Yayanki,
Murtala